Uwar da ta ƙi faɗin sunan ɗanta

Shekarun baya, lokacin da gine-gine ke ta tashi ko'ina a Abuja, ina jami'a ina karanta aikin kula da jin daɗin jama'a. Aka tura ajinmu hidimar sa-kai wata rugar Fulani a bayan Tungan Maje. Ni kuwa tashin Abuja ce, Turanci a baki, kai cike da darasin haƙƙin yara, ina ganin ni aka aiko in gyara duniya.

A rugar na tarar da wani yaro kwance, ƙafarsa ta kumbura tana ruwa. Malaminmu ya ce in ba a kai shi asibiti ba zai iya rasa ta. Aka nuna mini uwarsa tana kaɗa nono.

"Baiwar Allah, ɗanki ne?"

Ta kawar da kai. "Na mutanen gida ne."

"Yaya sunansa?"

Ta ci gaba da kaɗa nononta.

Raina ya ɓaci. A gaban surukarta da matan rugar na wanke ta tas. Na ce wace irin uwa ce wannan, ɗa na neman rasa ƙafa, ko sunansa ba za ta faɗa ba? Surukar ta miƙe ta ce, "Mun gode, ku tafi. Ba inda za shi."

Da ƙyar malaminmu ya lallashi ardo, aka yarda kakar ta raka yaron asibiti a Zuba. Washegari na je duba shi, sai ga uwar raɓe a bayan katanga, ƙafafunta duk laka. A ƙasa ta tako. Ta waiga, ta rage murya: "Hajiya, mai ƙafar nan, ya ci wani abu kuwa?"

Da na ba mahaifiyata labari, sai ta dube ni ta ce, "Ɗan fari ne ai. Kunya ce, ba ƙi ba. Ke tunda kika yi wayo, kin taɓa jin na kira yayanki da sunansa?"

Gaskiyarta. "Wannan yaron" take ce masa, har ya yi gemu.

Ƙafar ta warke, alhamdu lillahi. Amma har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Abin da na tafi ruga na ci mutuncin mata a kansa, a ɗakin uwata na tashi ina jin sa kullum.