Gadu a Gonar Dankali

Shekarar da na fara noman rani na kaina, zamanin mulkin soja, gonata ce ta ƙarshe a layinmu, can inda ruwan kanal ke malalewa cikin kachala, doguwar ciyawar nan ta fadama. Dankali na dasa. Yana fara sa 'ya'ya sai na riƙa tarar da kunyoyin a tone, kamar an bi su da garma. Na je na ɗauko kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda maharbi ne. Ya tsuguna ya dubi sawun ya ce, "Gadu ne. Ƙato kuwa."

Ni ban taɓa ganin aladen daji ba sai a labari.

Da la'asar muka laɓe a bayan tudun kanal. Kawu ya ɗura wa adakarsa albarushi, ya zuba dalmar da ya narka da hannunsa, ya danna tsumma. Bindigar nan, harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗuri. Wannan kaɗai nake ta juyawa a raina.

Kachala ta motsa. Gadun ya fito, jikinsa duk taɓo, haurensa biyu sun tanƙwaro sama. Ya durƙusa da gwiwoyin gaba yana tono. Kawu ya auna bayan kafaɗar gadun, amma daidai lokacin da ya ja kunama, dabbar ta waiwayo.

Ƙara ta tashi, hayaƙi ya rufe mu. Da ya washe sai na ga gadun a tsaye, jini na bin fuskarsa. Ya girgiza kai, ya miƙe jela, ya yo kanmu.

"Faɗa ruwa!" Kawu ya daka mini tsawa.

Na faɗa. Ruwan ya kai mini ƙirji, santsin siminti ya hana ni tsayawa. Ina ta innalillahi, ina jin gurnani a sama da ƙarar icen bindiga na dukan ƙashi. Sai Kawu ya ce "Wayyo!" sau ɗaya, wuri ya yi tsit. Tsit ɗin nan ya fi komai ba ni tsoro. Na riƙe ciyawar gefe, na kasa leƙawa.

"Ɗan nan, kana da rai? Fito, ya tafi."

Haure ya tsarge wa Kawu sha-raɓa. Na ɗaure da rawaninsa, na goya shi har bakin hanya, ina tafe ina waige. Wani mai kai tumatir Kura ya ɗauke mu zuwa asibiti, aka ɗinke.

Daga ranar kowa ya ƙaurace wa wannan gefe, don an san gadun na cikin kachala da rauni. Na je ban ruwa sau ɗaya, kwaɗo ya yi tsalle, na zubar da fartanya na ruga.

Ungulaye ne suka nuna mana inda gadun ya mutu. Muka je mu da yawa, riƙe da sanduna. Wani dattijo ya sa wuƙa a goshin ya ciro dalma biyu, sun baje kamar murfin kwalba, ƙashin ko tsagewa bai yi ba. Guda ɗaya da ta kauce ta shiga wuya, ita ta ci shi a hankali.

Muka haƙa rami muka tura shi da itace. Na kai wa Kawu dalmar yana kwance a zaure. Ya jujjuya ta a tafin hannunsa, ya ce in je in tone abin da ya rage na dankalin kafin ya ruɓe.