Morag Mai Ganga Da Yawon Turai

Duk wanda ya saba shiga bas ɗin da ke tashi daga Lochee da sassafe ta gangara tsakiyar Dundee ya san direbar, Morag Petrie, ko da bai san sunanta ba. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara cin gashinta, ba ta kuma damu da rina shi ba. Ba ta da yawan magana da fasinja, amma ba ta taɓa tashi ta bar tsohuwa tana ɗingishi a baya ba. Waɗanda suka ɗan manyanta a cikinsu sun san wani abu kuma game da ita: ita ce mai gangar ƙungiyar mawaƙan Kettle Row.

Su uku ne tun suna sakandare. Euan Strachan shi ke waƙa yana kaɗa jita, dogo ne siriri mai saurin fushi da saurin hucewa. Gus Rennie shi ke riƙe da jita mai kaurin murya, mutum ne mai sanyi, sai ya yini bai ce uffan ba. Morag kuwa ganga ta zaɓa don ita kaɗai ce ba wanda ya yi rububinta. A garejin kawun Gus suka fara, suka ɗauki sunan wani lungu da aka rushe a unguwarsu suka laƙaba wa kansu.

Kiɗansu rok ne, amma ba irin wanda gidajen rediyo suke so ba. Waƙa takan fara a hankali kamar mai raɗa, sai can ta fashe, jita ta yi ta gurnani, Morag ta sauke duk ƙarfinta a kan ganguna. Euan kuma ya ƙi sauya harshe, da karin harshen Dundee yake waƙa, wanda ko mutumin Edinburgh sai ya kasa kunne. Masaƙun buhu da aka rufe yake yi wa waƙa, da ruwan sama, da faɗan maƙwabta ta bayan bango.

Da ƙuruciyarsu sun sha yawo. Wata tsohuwar motar dakon kifi suka saya, wadda ƙarninta bai taɓa fita ba duk wankin da suka yi mata. A ciki suke kwana tsakanin lasifikoki. Sun yi wasa a Aberdeen da Glasgow, sun ƙetara har Leeds, wani lokaci a gaban ɗaki maƙil, wani lokaci a gaban mai mashaya da karensa. Wani ƙaramin kamfani ya fitar musu da faifai uku. Sau ɗaya ne babbar dama ta leƙo: wani mutum daga wani babban kamfani a Landan ya zo ya saurare su, ya ja Euan gefe ya ce yana son sa, amma sai ya gyara harshensa, kuma mai gangar nan na'ura za ta yi aikinta. Euan ya ce masa ya kama gabansa. Bai sake tayar da zancen ba, ita kuwa Morag abin ya zauna mata a rai. Kullum gani take saboda ita ya rasa rabonsa.

Daga nan rayuwa ta ja kowa. Euan ya zama malamin firamare, Gus ya koma gyaran wutar lantarki ya haifi tagwaye, Morag ta kama tuƙin bas. Ba su dai watse ba. Kowace Lahadi da rana sukan haɗu a wani ɗaki da ke saman shagon mai faci, su yi kiɗa su yi gardama su sha shayi. A shekara sukan hau dandamali jefi-jefi, a gaban fuskokin da suka tsufa tare da su. Morag ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma wannan zaman ya fi mata wancan daɗi.

Tana gab da cika hamsin abin ya faru. Masu shirya wani wasan talabijin suka ɗauki wata tsohuwar waƙarsu, wadda Euan ya yi wa mahaifiyarsa tana shanya cikin iska, suka sa a wurin da jarumar take barin gida. Kafin wata ya ƙare matasa a Jamus da Holan suna ta yaɗa ta a waya. Wata yarinya ta shigo bas ɗin Morag waƙar tana tashi daga abin sauraron da ke kunnenta, ta wuce ta zauna ba ta ko kalli direba ba. Sai ga wata mata mai shirya wasanni, Bryony Halloran, ta hawo jirgin ƙasa daga Landan takanas. Ta ce tana son ta zagaya da su Turai wata huɗu, manyan ɗakuna, mota mai gado, kome a shirye. Ta ba su lokaci su yi shawara.

Euan ya ce wannan ai abin da suka daɗe suna jira ne. Gus ya gyaɗa kai. Morag ta ce madalla, amma a baki kawai, ta koma gida.

Da mahaifinta take zaune, Alec, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, wanda mantuwa ta fara kamawa. Wata rana ya san ta sarai, wata rana ya kira ta da sunan mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa. Ban da shi, kafaɗarta ta dama takan yi mata tsami bayan kowane wasa, sai ta kwana biyu tana shafa magani. Kuma in za a faɗi gaskiya, ko da ba uban ba ciwon, ba ta son zuwa. Tana son gadonta, da ɗan lambunta na albasa da kabeji, da hanyar da ta haddace kowane raminta. Amma da wane baki za ta faɗa wa Euan haka? Sau ɗaya ya bar dama dominta, ba za ta sa ya bar ta biyu ba.

Don haka ta shiga shiri. Ta yi magana da shugabanta a wurin aiki, ya ce zai riƙe mata gurbinta. Ta je ta duba wani gidan kula da tsofaffi, wuri mai tsabta, ma'aikatan masu fara'a, ta fito ta zauna a mota ta kasa tayar da ita. Lahadin da suka biyo baya kuwa ba su taɓa yin kiɗa mara daɗi irin nasu ba. Kowa fara'a ta yi masa yawa. Ba mai gardama, ba mai zagin wani. Euan ya yi ta lissafo garuruwan da za su je da murya sama-sama, Gus ya yi ta kuskure a waƙoƙin da ko cikin barci zai iya kaɗawa.

Ranar Asabar da za su ba Bryony amsa, suka haɗu da hantsi a wani shagon shayi a Broughty Ferry, gefen ruwa. Aka kawo musu burodi da ƙwai. Morag ta riga ta shirya abin da za ta ce: a je. Euan ya ɗora wayarsa a kan tebur. Gus ya daɗe yana juya cokali a kofi, sukarin ya narke tuntuni, sannan ya yi magana ba tare da ya ɗago ba.

“Ni fa ba za ni ba.”

Ya ce su yafe masa, su nemi wani yaro ya maye gurbinsa, ai kiɗansa ba wuya. Ya ce tun wancan lokacin ma bai taɓa son kwanan mota ba, haƙuri kawai ya yi ta yi. Tagwayensa na shirin jarrabawar fita, gwiwarsa ba ta son tsayuwa, kuma shi mutum ne mai son ya ci abincin matarsa.

Morag ta juya ta dubi Euan, tana jiran ta ga ya fashe. Sai ta ga ya kifa goshi a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Ta ɗauka kuka yake. Da ya ɗago, dariya ce, har da hawaye.

“Gus, zo in rungume ka, tsohon banza,” in ji shi. “Me ya hana ka faɗa tun tuni?”

Ashe shi ma tun zuwan Bryony bai yi barcin kirki ba. Muryarsa ba ta iya wasa biyu a jere yanzu, likita ya gargaɗe shi tun bara, ya ɓoye musu. Ga 'yan ajinsa da ya yi wa alkawarin wasan ƙarshen shekara. Ya ce ya yi shiru ne saboda Morag, don a ganinsa ita ta fi kowa cancantar ta huta da tuƙin bas ta ga duniya.

“Saboda ni?” in ji Morag. “Ni da nake ta ƙoƙarin kai Baba gidan tsofaffi don kada in sake tare maka hanya?”

“Wace hanya kika taɓa tare min?”

Ta tuna masa mutumin Landan da na'urarsa. Euan ya saki baki yana kallonta.

“Ke dai akwai ki da ji da kai,” ya ce. “Tsoro na ji, Morag. Landan nake tsoro, da in tsaya a gaban mutane ni kaɗai ba ku a bayana. Da ya kawo zancenki sai na samu abin fakewa. Wai shekara da shekaru kina ɗauke da wannan?”

Ta ɗauki guntun burodi ta jefe shi. Sai ta ji wani abu ya sake a ƙirjinta, abin da ya daɗe a ɗaure har ta manta da shi. Ita ma dariyar ta kama ta. Gus yana ta kallonsu ɗaya bayan ɗaya, ya ce to yanzu shi ne gwarzo ko mai laifi, a faɗa masa ya sani. Mai shagon ta leƙo ta tambaya ko lafiya, suka ce a ƙaro shayi da wani burodin, don sai a lokacin yunwa ta zo musu.

Aka yi ta turereniya kan wanda zai kira Bryony, daga ƙarshe Morag ta ɗauki wayar ta fita bakin ruwa. Ta zaci matar za ta yi fushi. Amma Bryony ta ce ta hango hakan tun ranar da ta gan su, don ba ta taɓa ganin mutum uku sun yi murna da fuskar masu zaman makoki ba. Ta ce ba laifi, amma akwai wani bikin kiɗa a Groningen ta ƙasar Holan da bazara, wasa ɗaya tak, su je Juma'a su dawo Litinin. Morag ta leƙa ta taga ta ga Euan yana satar ƙwan Gus, ta ce wannan za su iya.

Lahadin da ta biyo suka yi faɗa sosai a kan wata sabuwar waƙa, Euan ya ce gangarta ta yi sauri, ta ce shi ne ya tsufa. Rabon da kiɗansu ya zauna haka an daɗe.

Da bazara ta zo ƙanenta ya taho daga Perth ya zauna da Alec. Suka shiga jirgin ruwa daga Newcastle, Gus ya yi ta amai tun daga fita tasha har suka hango ƙasa, yana rantsuwa ba shi ba teku. A Groningen suka tarar da fili cike da yaran da ba a haifa ba lokacin da aka yi faifan. Da suka kai waƙar shanya, taron ya karɓe ta gaba ɗaya, da karin Dundee ɗin da suka kwaikwaya a karkace, ba su ma san me kalmomin suke nufi ba. Euan ya ja baya daga makirufo ya bar musu. Morag ta yi kiɗan da ba ta yi irinsa ba tun tana 'yar ashirin, kafaɗa ta ɗauki zafi, ba ta kula ba. Da suka sauka ta ji daɗin an yi, ta kuma ji daɗin gobe ba wani gari za a nufa ba.

Ranar Litinin da la'asar ta turo ƙofar gida da jakarta a kafaɗar hagu. Alec na zaune a kujerarsa yana kallon tseren dawaki, ƙanenta na gyangyaɗi a gefe. Tsohon ya waiwayo ya dube ta sama da ƙasa.

“Morag, kin daɗe a kantin nan.”

“Layi ne, Baba,” ta ce. Ta ajiye jakar ta shiga kicin ta ɗora ruwan shayi.