Hotunan Gwaji na Don Evaristo

Don Evaristo Quiroz bai taɓa cin ko kwabo da ɗaukar hoto ba, hoton ne ma ya yi ta cin nasa. Direban jirgin ƙarƙashin ƙasa ne a birnin Meziko har ya yi ritaya, amma duk Asabar ɗin duniya sai ya nufi titin Donceles, inda shagunan kyamara suke jere. Yau ya sayo tsohuwar kyamara ba ido, wato gilashin da ake ɗaura mata a gaba, wani makon ya nemo mata ido, sannan ya shiga farautar gilasan tace haske: ja, ruwan ɗorawa, da mai kashe ƙyallin ruwa. Ya ɗauki coci, ya ɗauki tantabaru, ya ɗauki bangon maƙwabci har bangon ya san shi. Matarsa Casilda kaɗai ce bai taɓa zaunarwa ya ɗauka ba.

Ba ƙi ba ne. A ganina son ne ya yi masa yawa har ya koma wauta.

"Tsoho, ni yaushe za a zo kaina?" takan tambaye shi tana juya wainar masara a kasko.

"Bari in samu idon da ya dace da fuskarki, tsohuwa. Wannan lanƙwasa hanci yake yi."

"Ai hancin ya daɗe da lanƙwashewa da kansa."

Duk da haka ita ce 'yar rakiyarsa zuwa shagon Don Nicanor, wanda ya riƙe musu 'yarsu ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre. A shagon ba a sayen ido sai an gwada. A ɗaura shi a kyamara, a ɗauki duk abin da ke kusa, a wanke, a duba. Don Evaristo yakan ɗora gilashin ƙara girma a kusurwoyin hoton, domin a wajen masu wannan ciwo a kusurwa ake gane ido mai kyau. In ya gama sai ya ture hoton a kan kanta, ya shiga ciniki.

Casilda ta rasu da damina, kafin a samu idon da ya dace.

Da Ranar Matattu ta matso, ranar da mutanen ƙasar ke tuna mamatansu, ya shirya mata tebur a falo. Ya jera furanni ruwan ɗorawa da kyandir, ya ajiye burodi da kofin da take shan koko. Tsakiyar tebur kuwa wurin hoton mamaci ne. Ya zazzage akwatunansa kaf. Ya sami gwiwar hannunta a gefen wani coci, ya sami bayanta tana watsa wa tantabaru hatsi. Fuskarta dai babu, sai ta katin shaida, wadda hatimi ya danne rabin kumatu. Ya zauna a ƙasa cikin hotuna, kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Washegari ya tattara kyamarorin a jaka, ya je ya zube su gaban Don Nicanor.

"Kwashe, kompadre. Na daina."

"Kai ɗin? Ranar da ka daina ai sai in rufe shago. Lafiya?"

"Teburinta ba hoto. Rayuwata duka ina ɗaukar bango, ban ɗauke ta ba ko sau ɗaya."

Don Nicanor ya cire tabarau, ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa.

"Amma kai makaho ne, kompadre. In na ba ka ido ka gwada, wa kake sa wa kyamara?"

"Duk abin da ke kusa mana."

"To wa ke kusa?"

Don Nicanor mutum ne da ba ya iya zubar da ko murfin idon kyamara. Ya durƙusa da ƙyar, ya jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin kanta, ya buɗe. Casilda ce tsaye a bakin ƙofar shagon, rungume da jakar mijinta. Ga ta da baƙin gashi, ga ta da ciki, ga ta da furfura. A bayan kowane hoto akwai rubutun Don Evaristo game da idon da ya gwada: kusurwa ba kyau, ko kuma a saya.

Don Evaristo ya yi ta ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Can ya lura da abin da bai taɓa gani ba. A kowane hoto tana sanye da 'yan kunnen aurenta, waɗanda ba ta fito da su sai ranar biki.

"Me ya sa take sa waɗannan don zuwa kasuwa?"

"Kana can kana fama da ɗaura ido," in ji Don Nicanor a hankali, "ita kuma takan leƙa madubin nan ta gyara gashi. Ta san ranar Asabar ce kaɗai kake juyo da kyamara wajenta."

Don Evaristo ya yi kuka a bakin kanta, masu saye suka kawar da kai. Ya zaɓi na ƙarshe, wanda ya rubuta wa kusurwa ba kyau, ya kai gida ya ɗora tsakanin furanni. Kyamarorin ya bar su a shago. Ya jawo kujera ya zauna gaban tebur, Casilda tana kallonsa daga tsakiyar hoton, shi ma yana kallonta.