Ƙararrawar Gidan Turawa

Shekarata goma sha ɗaya ina aikatau a gidajen Jidda kafin na samu iƙama, wato takardar izinin zama, kuma duk gidan da na shiga doka ɗaya ce: in za ki tafi, ki buɗe jakarki a bakin ƙofa tun ba a ce ki buɗe ba. Mu matan unguwar Nuzla mun san dalili. Zobe ɗaya ya ɓata, ke ce, daga nan sai jirgin komawa gida, 'ya'yanki kuma ko oho.

Wata shekara uwar ɗakina ta tafi da ni Ingila hutun zafi, don in riƙa tura keken mahaifiyarta, wadda tsufa ya fara taɓa wa hankali. Ran nan aka kai mu wani ƙaton gidan dutse na masu sarauta, wai ya fi shekara ɗari shida, kuma wai jikokin masu shi suna ciki har yanzu. Tun daga nan na ƙi yarda da gidan. Wane mai hankali ne zai jera azurfarsa a fili, ya ce baƙi su shigo su zaga? Na ce a raina tarko ne, kuma na san wa aka ɗana wa.

Ai kuwa sai ga wata tsohuwar Baturiya mai koɗaɗɗiyar riga ta biyo mu. Muka shiga ɗakin littattafai, tana nan. Muka wuce zauren da hotunan kakanninsu ke harare mu daga bango, tana nan, tana wani murmushi. Na damƙe keken da hannu biyu don kowa ya gani, ko hancina ban sosa ba.

Muna dab da fita na juya, na ga 'yar ƙararrawar azurfa da ke kan wani tebur babu ita. Uwar ɗakina tana can gaba tana cewa, “Yalla, yalla, mota na jira!” Baturiyar kuma ta nufo ni.

Ban jira ba. Na zuge jakata, na zazzage a gabanta: carbi, man zafi, ragowar burodi, hoton 'ya'yana. Mutane suka tsaya kallo. Na ce da Larabci, “Duba, wallahi ma fi shai, babu komai!”

Ko kallon kayan ba ta yi ba. Ta durƙusa a gaban keken, ta riƙe hannun tsohuwarmu tana mata magana a hankali, ta miƙa mata wani kati mai hoton gidan. Tsohuwa ta karɓi kati, ta zaro ƙararrawa daga hannun abayarta ta bayar, tana dariya. Sannan Baturiyar ta taya ni tsince kayana, har ta goge hoton yaran da gefen rigarta. Yaron uwar ɗakina da muka zo tare da shi ne ya ce ai Baturiyar nan matar gidan ce, kuma tun a ɗakin farko ta ga hannun kakarsa na yawo.

A mota uwar ɗakina ta ce na kunyata su, halas, kada a sake maganar. Na juya fuska wajen taga ina hawaye, ta ɗauka faɗan ne ya taɓa ni. Ni kuwa abin da ya sa ni kuka daban ne: tunda na fara aiki a gidan mutane, ranar ce ta farko da abu ya ɓace ba ni aka fara kallo ba.