Ranar Gwaggo

A gidanmu ba a cewa uku ga Agusta, ba a ma cewa "turwa ut" kamar sauran mutanen Zinder. Ranar Gwaggo ake cewa. Yayar babanmu ce, an haife ta a Zermu a daidai ranar da ƙasa ta samu ƴancin kai. Kakarmu takan ce tana kan gwiwa aka shigo gari da labari, makaɗa suka hau kiɗa, babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da ta samu sai da rana ta yi sanyi. Gwaggo kuwa ta tashi tana faɗa wa kowa cewa ita da Nijar sa'o'i ne. Duk shekara sai ta baro gona ta zo Birni da ƙuli-ƙuli cikin kwando, ta ja mu kallon fareti, ta ce ita ake busa wa.

Sai wata shekara mijinta ya faɗi a gona yana tsakiyar maimai, a wannan rana dai, kafin a kai shi gida rai ya yi halinsa. Tun daga nan ta daina zuwa. In ranar ta kewayo sai ta shige ɗaki da carbinta, mu ma muka daina tsokanarta.

Na girma, na samu aiki a ma'aikatar gandun daji, inda uku ga Agusta ta fi kowace rana wahala, don ita ce kuma ranar dashen itatuwa. Na yi aure, muka daɗe shiru, har ƴan uwa suka gaji da tambaya. Da Allah ya kawo rabo, ungozomar matanite, asibitin haihuwa, ta ce kada matata ta tafi goyon ciki Gaffati wurin iyayenta, gara ta zauna kusa da likita. Mahaifiyata ta rasu, don haka na je Zermu da kaina na roƙi Gwaggo. Ta ce gero yana bunni, wa ke barin gona yanzu? Amma tana faɗa tana ɗaure kayanta.

Ranar uku ga Agusta da safe na baro su lafiya, matata tana shara, Gwaggo a ɗaki ba ta ko amsa sallamata da ƙarfi ba. Ina bakin gari ina raba wa mutane ƴaƴan dogon yaro, hannuna duk laka, salula ta yi ƙara. Muryar Gwaggo ce, irin wadda na manta tana da ita.

"Ɗan nan, ajiye itacen mutane ka taho. Mun wuce matanite da motar maƙwabci."

Ban san wa na miƙa wa shebur ba. Na tare ɗan kabu-kabu, muka tarar sojoji sun rufe babbar hanya saboda fareti. Na gaya masa abin da ake ciki, sai ya zama kamar shi ne mai matar. Ya kutsa lungunan Birni, babur yana nitsewa cikin rairayi muna sauka muna turawa, yana gaya wa duk wanda muka wuce cewa haihuwa ce, a ba da hanya. Wani tsoho a gindin dakali ya ɗaga mana hannu ya ce Allah ya raba lafiya. Kafin mu fita Birni hadari ya haɗu, ruwa ya kece, muka isa jiƙe sharkaf muna dariya kamar waɗanda suka zautu.

Maza ba sa wuce baranda. Na zauna, na tashi, na sake zama. Ɗan kabu-kabun ya ƙi tafiya, ya ce sai ya ji ƙarshen labari. Can bayan azahar ƙofa ta buɗe, Gwaggo ta fito, kallabinta ya zame ba ta sani ba. Ta tsaya a gabana tana kallona, sai ta sa hannu a hanci ta rangaɗa guɗa, har mai gadi ya leƙo.

"Mace ce," ta ce. "Uwar lafiya lau. Yau ta zaɓa, ka ji? Yau."

Daga nan kuka ya ƙwace mata. Ta zauna kusa da ni a benci, ta yi wa mijinta addu'a a fili, abin da ban taɓa ji ta yi a gaban kowa ba. Ta ce da yana nan da shi zai fara cewa an yi masa amarya. Ta share ido da bakin zane, ta kore ni in je in wanke lakar hannuna kafin in taɓa mata jika. Da aka bar ni na shiga, na yi wa jaririyar huɗuba, matata tana kwance tana yi mini dariya.

Ranar suna mutanen Zermu da na Gaffati suka cika gidan, har tabarmi suka kai bakin lungu. Gwaggo ce kan tukunya, ita ce kan rabon goro, ita ce mai faɗa da mahauci. Da ma sati biyu ta ce za ta yi mana, amma sai da aka yi arba'in ta koma. Ta tarar maƙwabta sun girbe mata geron, sun ɗaure, suna jiran ta zo ta buɗe rumbu.