Maganar Iska a Gonar Baba Shekari

Baba Shekari maƙwabcina ne a Romi, katanga ɗaya ta raba mu. Dattijo ne a cocinmu, gajere, mai furfura har a gira. Idan ya ga an rubuta a bango cewa ba a fitsari a nan, to ko tari ba zai yi a wurin ba sai ya wuce. Haka Allah ya yi shi, yana ganin girman hukuma kamar yadda wasu ke ganin girman surukai.

Yana saurayi ya baro ƙauyensu a ƙasar Zangon Kataf, ya shiga masaƙa a Kakuri, ya tsaya gaban inji har kunnensa na hagu ya yi ritaya kafin shi. Da masaƙa ta rufe bai zauna ƙorafi a gindin mangwaro ba, ya koma wa fartanya. Yana da gona a Kakau, kan hanyar Abuja, wadda ta rabu gida biyu. Ta baya tsakuwa ce zalla, ko akuya sai ta yi tunani kafin ta shiga. Ta gaba kuwa, wadda ke kallon titi, baƙar ƙasa ce mai laima. Ita ke ba da doya da masarar da gidan ke ci, ita ke ba da alayyafo da kuɓewar da matarsa, Mama Damaris, ke kasawa a kasuwar Sabon Tasha. Da wannan ɓangaren suka yi wa 'yarsu Faith makaranta har ta gama.

Wata rana yana cikin huɗa sai ga farar mota mai lambar gwamnati. Mutane suka fito da hulunan kwano masu sheƙi, irin waɗanda ko ɗigon siminti bai taɓa sauka a kansu ba. Babbansu ya ce shi injiniya ne.

"Baba, albishirinka. Gwamnati za ta kawo wa Kakau wutar lantarki ta iska. Asibitin sha-ka-tafi zai samu haske, famfo zai kawo ruwa. Amma sai mun auna ƙarfin iskar tukuna. Aron wannan gefen muke so, damina ɗaya kacal."

Baba Shekari ya cire hula. Ya nuna musu ɓangaren tsakuwa, ya ce can ma akwai iska, har ta fi. Injiniya ya ce a'a, can ba a hangowa daga titi.

Da ya dawo gida da labari, Mama Damaris ta ajiye wuƙar yankan kuɓewa.

"Baban Faith, wace hukuma ce?"

"Gwamnati ce mana."

"Gwamnatin ba ta da suna? Ko kare aka ba ka aro ai ka tambayi mai shi."

"Maman Faith, asibiti za a haska. Kina so a ce dattijon coci ne ya hana mata haihuwa da haske?"

Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka, da ɗan ƙarfi fiye da yadda kuɓewa ke buƙata.

Aka kafa wani dogon ƙarfe siriri, aka ɗaure shi da wayoyi ta kowane gefe, can a ƙolinsa wasu 'yan kofuna suna juyawa. Aka zagaye baƙar ƙasar nan kaf da shingen waya, aka sa ƙofa da kwaɗo, aka kafa allo mai cewa kayan gwamnati ne, ba a shiga. Aka zo da rumfa da masu ɗaukar hoto, aka yanka zare, aka sha lemo. Daga ranar ba a sake ganin ƙeyar kowa ba.

Mu kuwa a unguwa muka samu abin yi. Sunansa ya koma Sarkin Iska. Masu keke su tsaya su ce, "Baba, yau mudu nawa aka auna?" Ko a coci, bayan sujada, sai wani ya matso ya ce, "Dattijo guda, a ce da kai a harkar iska!" Shi ma yana dariya, yana cewa ranar da wuta ta zo kowa zai kawo wayarsa caji, zai gane masu zagi.

Damina ɗaya ta zama biyu. Aka yi zaɓe, aka sake yin wani. Rana ta cinye rubutun allon har sunan hukumar ya goge, sai kalmar hani kaɗai ta rage, da yake da jan fenti aka yi ta. Kofunan suka yi tsatsa suka tsaya. Ciyawa ta fi mutum tsawo a cikin shingen, shi kuwa yana waje yana faman tsakuwa, yana girbe masarar da kan kowace bai wuce babban yatsa ba. Gidan da ke kyautar doya ya koma awon masara a kasuwa. Mama Damaris ta koma saro ganye a hannun wasu, tana sayarwa da ribar da ba ta kai kuɗin hawa keke zuwa kasuwa ba. Tsokanar ta mutu da kanta, don ba wanda ke iya yi wa mutum ba'a yana kallon wuyan rigarsa na yi masa yawa.

A nan ne ya goge takalminsa ya haye gada zuwa cikin gari neman mai ƙarfen. Ba diyya yake nema ba. So yake wani ya buɗe kwaɗo ya ce masa shiga gonarka.

A ƙofar ofis na farko mai gadi ya tare shi.

"Baba, lafiya?"

"Na zo ne kan maganar iska."

"To nan ba a maganar iska. Ofishin gwamnati ne."

"Ai ita gwamnatin ce ta fara."

Mai gadi ya ɗaga kulki. Sai da wani masinja ya sa baki aka gane tsohon ba zagi ya zo yi ba.

A ciki ya samu wata Hajiya Jamila, mace mai kirki, har ruwan leda ta ba shi. Ta saurare shi tsaf, sannan ta ce su wutar rana ce a hannunsu, iska ba ta ƙarƙashinsu, ya gwada ƙaramar hukuma. A ƙaramar hukuma aka ce su ƙasa suke kula da ita, abin da ya yi sama da rufin kwano na tarayya ne. A ofishin 'yan tarayya wani saurayi da ke cin gyaɗa ya ce wancan sashen an haɗe shi da wani, daga baya aka raba su, kuma wanda ya san zancen an mayar da shi Makurdi. Ya ce Baba ya dawo bayan biki. Bai faɗi wane biki ba.

Ni abin da ke ci mini rai ke nan. A ce an fitar da dukiyar jama'a an sayo ƙarfe daga ƙasar waje, an biya ɗan kwangila, an biya mai rumfa da mai lemo, amma duk faɗin gwamnati babu mutum ɗaya da zai ce ni na sa a kafa, ga abin da awon ya nuna. Ko da iskar Kakau ba ta isa ta juya fanka ba, ai sai a zo a faɗa, a kwashe kaya, a ce Baba mun gode. Asibitin nan har gobe da fitilar waya ake karɓar haihuwa.

Sai bana, farkon damina, aka yi wani hadari da yamma wanda ya kwashe rufin gidaje da dama a Gonin Gora. Wayoyin da suka riƙe ƙarfen sun riga sun ruɓe. Ƙarfen ya faɗo, ya karye gida biyu, kansa ya ƙetare shinge ya kwanta a kan 'yar bukkar da Baba ke fakewa. Allah ya taimaka, Baba ya riga ya tashi.

Ku ji ikon Allah. Hukumar da aka yi shekaru ana nema, wadda aka haɗe aka raba aka kai Makurdi, kafin mako ya zagayo sai ga ta a Kakau da mota biyu da 'yan sanda. Ashe tana da suna, tana da ƙafafu, har da lauya. Suka ce an yi wa kayan gwamnati zagon ƙasa don a sayar wa 'yan gwangwan. Suka ɗauke tsohon nan daga bakin kunyar da yake huɗa, daga shi sai singileti da gajeren wando.

A caji ofis kofur ya buɗe baki.

"Baba, wa ya kayar da ƙarfen nan?"

"Iska ce, ranka ya daɗe."

"Ni kake faɗa wa iska?"

"Ita aka ce ya auna. Ina jin ta fi ƙarfinsa."

Kofur ya rasa ko dariya zai yi ko mari. Kafin ya yanke shawara, Mama Damaris ta iso da zumuntar mata, duk da anko, suka zauna a ƙofar caji ofis suna waƙa da ganga da tulu. Fasto ya shiga ya tsaya masa. Kafin la'asar aka sake shi, don ba a iya jin waya a ofishin.

Washegari babbar mota ta zo ta kwashe ƙarfen. Baba Shekari ya je ya tsaya a gefe, hula a hannu, har suka gama. Ya matsa wurin wanda ya ga kowa na ce wa oga.

"Oga, tunda an ɗauke, gonata fa?"

"Ana bincike, Baba. Kuma akwai kashi na biyu na aikin."

Suka ɗaga shingen da ya kwanta, suka sa sabon kwaɗo, suka tafi.

Ruwa ya zauna sosai, kowa ya yi shuka. Wanda bai shuka a makon nan ba ya yi asarar shekara. Ranar Litinin da safe na fito sai na gan shi a ƙofar gida cikin babbar rigarsa ta Lahadi, an goge ta har tana ɗaukar ido, ga fartanya a kafaɗa.

"Baba, sujada ranar Litinin?"

"Gona za ni. In za su kama ni, su kama ni cikin kayan mutunci. Wancan karon a singileti matan coci suka gan ni."

Mama Damaris ta fito da buhun iri a ka, tana ɗaure wani abu a bakin zani. Filaya ce.

Na bi su. A bakin shingen ya ce a tsaya a yi addu'a, ya roƙi Allah ya gafarta masa abin da zai yi, ya kuma yi wa shugabanni addu'a kamar yadda ya saba. Mama Damaris ta ce amin ga rabin farko. Ta datse waya, ta buɗe masa hanya.

Ya naɗe hannun riga ya sara. Ƙasar ta huta, baƙa wuluk, tana ta ƙamshi. Sai dai duk motar da ta rage gudu a kan hanyar Abuja, sai in ga tsohon nan ya miƙe tsaye a tsakiyar gonarsa, ya gyara wuyan riga, ya juya kunnensa mai ji wajen titi. In ta wuce, ya sunkuya ya ci gaba da huɗa.