Tabo a Gindin Buta

Shekara goma sha tara muka yi ni da shi a kan inji ɗaya, a wani kamfanin roba da ke Sharada, amma in aka tara lokacin da muka yi tare ba wani abin kirki ba ne. Ni nake aikin rana, shi yake aikin dare. Ƙarfe shida na yamma zai iso a kekensa daga Panshekara in miƙa masa injin, ƙarfe shida na safe ya miƙo mini. Minti goma sha biyar da safe, goma sha biyar da yamma, abotar ke nan gaba ɗaya. Mutumin wani ƙauye ne a Jigawa, ya girme ni da shekara bakwai, ina ce masa Malam. Shi kuma yana ce mini Mai gona, don na yi kuskuren gaya masa cewa inda aka girke injin namu gonar kakana ce a da. Tun daga ranar kullum sai ya tambaye ni yaushe za mu yi girbi.

Buta muke yi, irin ta alwala. Roba mai zafi ta zubo, mazubin ƙarfe ya rufe a kanta, iska ta hura ta, ya buɗe, buta ta faɗo, ka yanke mata geza da wuƙa ka jefa a buhu. Haka daga safe har yamma. Ƙarar wurin ta isa ta sa mutum ya manta sunansa, shi ya sa in za mu yi magana sai ɗaya ya kai bakinsa kunnen ɗaya.

A shekararmu ta biyu na shigo wata safiya na tarar da Malam yana gumi kamar an watsa masa ruwa. Roba ce ta maƙale a cikin mazubi. Doka ita ce a ciro ta da sandar tagulla, don tagulla ba ta jin wa ƙarfe ciwo. Ya nemi sandar ya rasa, ya ɗauki sukundireba, hannunsa ya zame ya karce mazubin. Ya miƙo mini butar da ta fito bayan haka. A gindinta akwai wani ɗan layi a lanƙwashe, bai fi tsawon farce ba. Mazubin nan daga ƙasar waje aka kawo shi, in foman ya gani, Malam ya bar aiki ke nan, ga shi matarsa ta haihu sati biyu da suka wuce. Na ce masa ya je ya kwanta. Na yi wata guda gabana yana faɗuwa duk lokacin da foman ya zo wucewa, amma wa yake juya buta ya duba gindinta? Ba wanda ya taɓa gani.

Nawa sirrin ya fi nasa nauyi. Ban yi faɗa da kowa ba, ban karanta wani littafi ba, ba wanda ya hure mini kunne. Abin tsiyayewa ya yi a hankali, kamar ruwa a butar da ta tsage. Wata rana na duba cikina na ga ban yarda akwai wani tashi bayan mutuwa ba, kuma duk yadda na yi in dawo da shi ya ƙi dawowa. Ina salla, ina azumi, ina tsayawa a sahu kafaɗa da kafaɗa da mutanen da nake ƙauna. A garin nan ba maganar da za ka faɗa ba ce ka kwana lafiya a gidanka. Kuma haushi nake ji, ba zan ɓoye ba: kowa yana da inda zai ajiye tsoronsa, ni nawa a hannuna yake duk inda na je.

Da 'yata ta rasu tana da shekara huɗu, na koma aiki bayan kwana uku. Da yamma Malam ya zo karɓar inji, ya kama hannuna, ya kai bakinsa kunnena ya ce in yi haƙuri, tana can tana jirana, ita za ta tare ni da ruwa. Mutum ɗari sun gaya mini haka a zaman makoki na ce amin. Shi na kasa.

Na ce, "Malam, ni ban yarda akwai inda take jirana ba."

Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, alhali ba komai a hannun. Sannan ya ce, "Kada ka ƙara faɗa wa kowa. Ko matarka."

Bai guje ni ba, bai kai ni gaban kowa ba, bai kuma zauna yi mini wa'azi ba. Abin da ya ƙaru ɗaya ne. Kullum in zai karɓi inji sai ya ce, "Ina sa ka a addu'a, Mai gona." Ni kuma in ce, "Na gode, Malam, gefen hagu yana ɗigar mai." Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka, kuma a minti goma sha biyar ɗin nan kaɗai nake jin ba a ɗaure nake ba.

Sai ƙafafunsa suka fara kumbura har takalmin aiki ya daina shiga. Aka ce ƙoda ce. Ya daina zuwa, aka sa wani a aikin dare. Ran wata Lahadi na hau mota zuwa Panshekara, na wuce warin kamfanonin fata na Challawa, ina tambayar gidansa a wurin masu shago. Kunya ta kama ni, shekara goma sha tara ban san ƙofar gidansa ba. Na same shi a kwance a kan katifa a ƙasa, fuskar ta cika, idon ya yi ƙanana. Ya ce wa matarsa da babban ɗansa su ba mu wuri.

Karo na farko ke nan da muka yi magana ba ƙarar inji. Ashe muryarsa siririya ce.

Ya ce, "Mai gona, abu ɗaya nake so. Ka ce mini ka dawo. Ba na son in tafi in bar ka haka. So nake mu haɗu can mu zauna mu yi hira sosai, ba wanda yake jiran karɓar inji."

Kalma biyu ce, na dawo. Na sha faɗin abin da ya fi haka tsawo ba tare da na yarda da shi ba, sau biyar a rana ma. Mutum yana bakin mutuwa, ya roƙe ka abin da ba zai rage ka da komai ba. Amma ya san fuskata, zai gane. Kuma akwai son kai a ciki, na sani: in na yi masa ƙarya, ba sauran mutum ko ɗaya a duniya da ya san ni.

Na ce, "Malam, ban taɓa yi maka ƙarya ba."

Ya rufe ido. Na ga hawaye ya gangaro ya shige kunnensa, na tsani kaina a lokacin.

Can ya ce, "To gaya mini. A wurinka, in aka rufe ni, me ya rage? Na yi shekara goma sha tara ina barci da rana kamar mujiya. Duk a banza ke nan?"

Na ce yana da 'ya'ya.

"'Ya'ya rayuwarsu za su yi. Ni nake tambaya."

Ya ɗan yi dariya, tari ya biyo. Ya ce, "Ka ga naka ba shi da amsa. Je ka yi tunani, ran Lahadi ka zo mini da ita."

Ran Alhamis da safe ɗansa ya kira ni. Na nemi izini a wurin foman, na iske an riga an sa shi a makara. A maƙabarta, da aka kwantar da shi aka jera itace, sai aka ce a kawo ruwa a kwaɓa ƙasar da za a liƙe. Wani ya miƙo mini buta, ɗaya daga cikin tsofaffin da ake ajiyewa a wurin. Na zuba har ta ƙare, na kifa ta don sauran ya ɗigo. Babban yatsana ya sauka a kan ɗan layin nan. Ban ma duba ba na gane shi. Akwai wasu biyu a gefe, na juya su, ɗaya tana da shi.

Nan na durƙusa na yi kukan da ban yi ba a ɗakinsa. Wani dattijo ya dafa ni ya ce in daure, addu'a yake buƙata yanzu. Na gyaɗa kai na ɗaga hannu tare da kowa.

Tun daga ranar ba na ganin buta ban juya ta ba. A ƙofar masallatai, a wurin mai shayi na bakin kamfani, a gidan surukaina a Hotoro, a asibitin da nake zuwa awon jini tun da likita ya ce zuciyata ta fara gajiya. Mutane suna zaton yoyo nake dubawa. Na taɓa ganin wata a Bompai a hannun wani maigadi, ta koɗe, an ɗaure mariƙinta da waya, ga layin Malam a gindinta. Hannun mutum ya zame wata safiya, ga mutanen da ba su san sunansa ba suna wanke fuska, suna wanke jarirai, suna wanke matattunsu da abin da ya kwana yana yi. Ba Aljanna ba ce, na sani. Da ya ji da ya yi mini dariya ya ce wannan ne girbin naka, Mai gona? Amma ita ce amsar da nake da ita, kuma da ita nake tashi in tafi aiki. Matata takan ce in Allah ya yarda can ma muna tare. In ce Allah ya sa, in juya in kalli bango.

Lahadin da ya sa mini kuwa na je. Na ɗauki buta ɗaya daga cikin waɗanda na yi ran Asabar, na hau mota, na sami kabarin, ƙasar ba ta gama bushewa ba. A can gefe wani mutum yana tsugune a bakin wani kabarin yana yi wa mamacinsa sallama, yana magana ƙasa-ƙasa, na ji ƙyashinsa har cikin raina. Shi ya yarda ana jin sa. Ni na zo da amsa, kuma ni ne mutum ɗaya a maƙabartar nan da ya tabbata Malam ba ya ji.

Na cika butar a famfo, na ajiye ta cikin sauran don masu haƙa su samu. Na koma na tsaya a kansa minti goma sha biyar, sannan na tafi.